Keken Lantarki da Ma'aikacin Ƙasar Gumel

Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa tsayawa bakin tashar Gumel da sanyin safiya a ranar aiki, ya san irin jama'ar da ke barin garin kafin rana ta ɗaga. Malaman makaranta ne, da ma'aikatan asibiti, da malaman gona, da ma'aikatan ƙananan hukumomi, kowa rataye da jakarsa. Wani zai nufi Maigatari, wani Sule Tankarkar, wani kuwa Gagarawa, ko ɗaya daga cikin ƙauyukan da ke tsakani. Iyali na Gumel, aiki na waje, saboda haka kullum sai an je an dawo. Waɗannan ƙananan hukumomi guda huɗu su ne suka haɗu suka yi masarautar Gumel, watau ƙasar Lautai, a arewacin Jihar Jigawa, kan iyakar Nijeriya da Jamhuriyar Nijar.

Manufar wannan maƙala ita ce ta duba wani abin hawa da ya fara shigowa kasuwanninmu, watau keken lantarki, ta bayyana yadda yake aiki, sa'an nan ta auna ko zai fisshe da irin wannan ma'aikaci. Ba talla za a yi wa kowa ba. Kuɗin keken ba kaɗan ba ne ga mai albashi, kuma wanda ya saya da ka, ba tare da lissafi ba, yana iya wayar gari da gungumen ƙarfe jingine a zaure.

Daga Rali zuwa Tsadar Mai

Keke ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa. Tsofaffi sun san shi da sunan basukur, masu kirari kuwa suka ce dokin ƙarfe. A zamanin En'e, malamin haraji ko malamin makaranta da ya mallaki Rali sabo ful, to, ya kai mutum, har a kan naɗe ƙarfen da kyalle don kada fenti ya goge. Da aka biya kuɗin Udoji a 1975, ma'aikata da yawa suka jingine keke suka hau Vespa da Honda. Bayan shekaru kuma baburan Sin da na Indiya, irin su Jincheng da Boxer, suka cika ko'ina, keke ya koma na yara da talakan manomi. Muddin man fetur na da araha, babu wanda ya ga dalilin waiwaye.

Ƙasar Gumel ta riga sauran wurare ɗanɗana wahalar mai, domin tana bakin iyaka. A watan Agusta na 2019 gwamnatin tarayya ta rufe iyakokin ƙasa, a watan Nuwamba na wannan shekara kuma aka hana kai mai gidajen man da ke cikin tazarar kilomita 20 daga kan iyaka, don a toshe fasa-ƙwauri. Maigatari na cikin wannan da'ira tsundum. Mutumin da ke zaune a can sai ya yi tafiya ya nemo mai, ko kuwa ya saya a hannun 'yan bumburutu a kan farashin da suka ga dama. An buɗe iyakar Maigatari a watan Disamba na 2020, amma babban al'amari na nan tafe. Ranar 29 ga Mayu, 2023, Shugaba Bola Tinubu ya sanar da janye tallafin mai. Litar da ake saya ƙasa da naira 200 ta tashi zuwa wajen naira 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 kuwa ta haura naira 1,000.

To, bari mu yi lissafi irin na ɗan firamare. Tsakanin Gumel da Maigatari akwai kilomita 20 da 'yan kai, mu ce zuwa da dawowa kilomita 45. Babur mai lafiya kan ci lita guda a kilomita 40 zuwa 50. Ke nan lita ɗaya kowace rana, lita 22 a kwanakin aiki na wata. A kan naira 1,000, kuɗin ya kama naira 22,000, ban da baƙin mai da gyara. Mafi ƙarancin albashin da aka sa wa hannu a watan Yuli na 2024 kuwa naira 70,000 ne. Watau ƙaramin ma'aikaci na iya ƙone kusan sulusin albashinsa a kan hanya, tun bai auni ko tiya ɗaya ta gero ba. Wannan shi ne abin da ya sa maganar keken lantarki ta wuce maganar ƙawa.

Mene ne Keken Lantarki?

Keke ne kamar kowane keke, da feda da sarƙa da birki, sai dai an ƙara masa abubuwa uku. Na farko ɗan injin lantarki, wanda galibi a kan dasa shi a cibiyar tayar baya. Na biyu batir, wanda ke ajiye wuta. Na uku wani ɗan akwati mai sarrafa wutar, shi ne ke auna yawan abin da zai bar batir ya shiga inji. Wani keken sai an taka feda sa'an nan injin ya kama, ya riƙa taya mahayi. Wani kuwa yana da totur a hannu kamar babur. Kamfanin Yamaha na Japan ne ya fito da irin na farkon kasuwa a 1993. A ƙasar Sin, inda aka fi ko'ina amfani da shi, kekunan lantarki sun haura miliyan 300. A ƙasashen Tarayyar Turai, abin da doka ta ɗauka a matsayin keke shi ne wanda ƙarfin injinsa bai wuce wat 250 ba, wanda kuma injin ke daina taimako in gudu ya kai kilomita 25 a awa.

Ya kamata mai karatu ya bambanta shi da babur mai lantarki. Shi wannan babur ne sosai, ba shi da feda, ya fi nauyi da gudu da tsada. Kamfanoni irin su Spiro a Benin da Togo, da Ampersand a Ruwanda, sun kafa tashoshin da ɗan acaɓa zai ajiye batirin da ya ƙare ya ɗauki cikakke. Wannan tsari na manyan birane ne masu yawan fasinja. Ma'aikacin da muke magana a kansa, shi da batirinsa ne kaɗai a kan hanya, don haka feda take da daraja gare shi: in wuta ta ƙare, ƙafa ba ta ƙare ba.

Batir da Nisan Tafiya

A nan ne mai saye ya fi shan ruɗi, don haka za mu ɗan daɗe. A jikin kowane batir akwai lambobi biyu, ɗaya da harafin V, ɗaya da haruffan Ah. In aka ninka ta farko da ta biyu, sai a sami yawan wutar da batirin ke iya ɗauka, wadda a kan rubuta da Wh. Alal misali, batir mai 48V da 12Ah yana ɗaukar 576Wh, mai 48V da 20Ah kuwa 960Wh. Keke ɗauke da babban mutum, a kan kwalta, da matsakaicin gudu, kan ci tsakanin 10Wh da 20Wh a kowace kilomita, gwargwadon yadda mahayi ke taimakawa da ƙafa. Mu ɗauki 15Wh. Ƙaramin batirin zai yi kilomita 38, babban kuwa 64.

Amma fa wannan a takarda ne. Batir ba ya son a tatse shi ƙarƙaf. Wanda ke son nasa ya yi ƙarko sai ya riƙa barin kamar kashi 20 cikin 100 a ciki. Sai nisan ya koma kilomita 30 ga ƙarami, 51 ga babba. Ƙaramin zai kai mutum Maigatari, amma ba zai dawo da shi ba sai an yi caji a can. Babban zai je ya dawo, da ɗan saura. Har ila yau, batir na tsufa kamar mai shi. Bayan shekara biyu ko uku ana caji kullum, abin da yake ɗauka kan ragu da wajen kashi ɗaya cikin biyar, tafiyar da ake yi da saura sai ta koma ana ƙarasa ta da feda. Wanda aikinsa ke ƙasar Gagarawa, wadda layin dogo na Kano zuwa Nguru ya ratsa, tafiyarsa ta fi tsawo, lalle sai ya tanadi wurin caji a wajen aiki. Lambar da mai shago zai faɗa, kilomita 80 ko 100, a kan same ta ne da mahayi marar nauyi, a shimfiɗaɗɗiyar hanya, babu iska. Ni a ganina, wanda ya raba ta biyu bai zalunci kowa ba.

Abu biyu ne ke cinye wuta fiye da kome, gudu da iska. Wanda ya tashi daga kilomita 20 a awa zuwa 30, wutar da yake kashewa wajen keta iska a kowace kilomita ta ninka fiye da sau biyu. Iskar hunturu kuwa daga arewa maso gabas take busowa. Mai barin Gumel zuwa Maigatari da safe a watan Disamba ko Janairu, gaba da gaba zai yi da ita, batirinsa ya riƙa sauka kamar ana zuƙa. Sa'arsa ɗaya, in iskar ba ta kwanta ba, da yamma ita za ta turo shi gida.

Batir iri biyu ne a kasuwa. Akwai na darma, irin na mota, mai araha da nauyin tsiya, wanda kan gaji bayan caji ɗari biyu ko uku. Akwai na litiyam, wanda kamfanin Sony ya fara sayarwa a 1991, wanda kuma masana uku, John Goodenough da Stanley Whittingham da Akira Yoshino, suka sami kyautar Nobel saboda shi a 2019. Shi ne a cikin wayar hannu. Ba shi da nauyi, yakan yi caji 500 ko fiye, amma shi ne mafi tsada a jikin keken. Cikin na litiyam ɗin ma akwai wanda a kan rubuta wa LiFePO4. Ya ɗan fi nauyi, amma ya fi jure zafi, ya fi ƙarko, kuma bai cika kamawa da wuta ba. Ga ƙasa irin tamu, in an same shi, shi ne abin zaɓe.

Kuɗin wutar kansa ba wani abu ba ne. Kilomita 45 za ta ci 675Wh, in an haɗa da abin da ke ɓacewa wajen caji, mu ce kashi huɗu cikin biyar na yunit ɗaya a mita. Ko da a kan farashi mafi tsada da aka yanka a watan Afrilu na 2024, watau naira 225 kowane yunit, abin bai wuce naira 180 a rana ba, kimanin naira 4,000 a wata. A gwada da naira 22,000. Sai dai mai hankali ba zai cinye rarar duka ba. Ya riƙa ware wani abu kowane wata, kamar yadda ake zubin adashi, domin ranar sayen sabon batir tana nan zuwa ko an so ko an ƙi.

Ina Wutar Take?

Wannan ita ce tambayar da kowane Bagumele zai fara yi, kuma yana da gaskiya. Caja mai ba da 2A tana bukatar awa shida kafin ta cika batir mai 12Ah, awa goma ga mai 20Ah. Wutar da a kan kawo awa biyu a ɗauke ba za ta biya wannan bukata ba. Ba a manta da watan Oktoba na 2024 ba, sa'ad da manyan layukan da ke kawo wuta Arewa suka lalace, jihohi da dama suka yi fiye da mako guda cikin duhu. Wanda ya dogara ga wutar gwamnati kaɗai, a irin wannan mako a ƙasa zai taka. Tayar da janareta don a cika keke kuwa, an gudu ne ba a tsira ba, tun da man da aka guje wa shi za a ƙona.

Abin da Allah ya hore wa ƙasar nan shi ne rana. Faifan sola mai wat 300, in an goge masa ƙura, yana iya ba da fiye da yunit ɗaya a wuni, wanda ya ishi tafiyar da muka lissafa. Matsalar ita ce, lokacin da rana ke dukan faifan a gida, keken na can wajen aiki. Mafita uku ce: ko a sami batirin ajiya a gida wanda zai tara wutar rana a juye wa keke da dare, ko a mallaki batirin keke biyu ana musanyawa, ko kuwa a kafa faifan a wajen aiki. Ta ukun ta fi araha in ma'aikata uku ko huɗu suka haɗa kuɗi. Masu shagon cajin waya da ke amfani da sola ma a kan iya shiryawa da su, amma a sani batirin keke guda ya kai wayoyi hamsin ci, kada a yi tsammanin kuɗin waya ɗaya za a biya.

Wani gargaɗi ga ma'aikatan asibitin karkara. Solar da ke riƙe da firijin alluran riga-kafi ba ta cajin keke ba ce. In aka zuƙe mata wuta da rana, firiji ya mutu da dare, alluran yaran gari guda ne za su lalace.

Zafi da Gobara

A watannin Afrilu da Mayu zafin ƙasar Gumel kan haura digiri 40 a inuwa. Batirin litiyam kuwa ba a so a yi masa caji in zafinsa ya wuce digiri 45, kuma zama cikin zafi na rage masa kwana ko ba a aiki da shi. Baƙin batir da aka bari a filin makaranta daga safe zuwa azahar ya wuce wannan ma'auni nesa. Saboda haka a nemi gindin dalbejiya, ko a zare batirin a shiga da shi ofis. In an dawo daga tafiya, a bar shi ya huce kamar rabin awa kafin a jona.

Gobarar batir ba tatsuniya ba ce. A birnin New York na Amurka, gobarar irin waɗannan batura ta kashe mutum 18 a 2023. A birnin Nanjing na ƙasar Sin, wutar da ta tashi daga wurin ajiye kekunan lantarki a ƙarƙashin wani bene ta hallaka mutum 15 a watan Fabrairu na 2024. Wutar litiyam tana tashi farat ɗaya, da hayaƙi mai guba, kuma tana da wuyar kashewa. Gidajenmu kuwa ga dannin kara, ga jinka, ga harawa a kan rumfa. Kada a yi caji a ɗakin kwana, kada a ɗora batir a kan katifa ko tabarma, kada kuma a ajiye shi a bakin ƙofar da ita kaɗai ce mafita. A sa shi a kan siminti, inda iska ke shiga, inda ido ke kaiwa, a zare in ya cika. Kowane batir da cajarsa. Aron caja, musamman ta batirin darma a jona wa na litiyam, shi ne babban mafarin ɓarna. Batirin da ya kumbura, ko ya fashe, ko ya fara wari, ya gama aiki, a fitar da shi fili nesa da yara.

Halin Hanya

Sunan jihar kansa ya faɗi halin ƙasar. Da an sauka daga kwalta sai rairayi, shi kuwa rairayi abokin gabar siririyar taya ne. Injin zai yi ta nishi, ya ɗau zafi, wuta ta ninka ci. Wanda makarantarsa ke ƙauyen da sai an yi kilomita biyar ko shida cikin yashi, a ƙasar Sule Tankarkar ko arewacin Maigatari, ya nemi keke mai faffaɗar taya, ya ɗan rage mata iska, inda yashin ya yi zurfi kuma ya sauka ya tura, ba abin kunya ba ne. Ƙaya ma tana nan, ta aduwa da ta bagaruwa da tsidau. Facin tayar baya ya fi na keken gargajiya wuya, domin wayar inji ta cikin cibiyar tayar take fitowa, mai facin da bai sani ba yana iya fizge ta. Gara mai keke ya tsaya a kansa, ya nuna masa inda ake zare wayar, ko a yi facin ba tare da an kwance tayar ba. Famfo da kayan faci kada su bar jaka.

Ranar Alhamis ta bambanta da sauran ranaku. Ita ce ranar kasuwar Maigatari, ɗaya daga cikin manyan kasuwannin dabbobi na Afirka ta Yamma, inda shanu da raƙuma da tumaki ke shigowa daga Nijar, manyan motoci su kwashe su zuwa Kudu. Tirela ɗauke da shanu ba ta kauce wa keke, iskar da take tasowa kuma tana iya jefa mahayi gefen hanya. A ranar, a yi sammako, a kama gefe, a dawo kafin magariba. Keken ba shi da ƙara, akuya da jaki da yaro ba su jin zuwansa, don haka ƙararrawa wajibi ce. Ya kuma fi keken gargajiya nauyi da gudu, birkinsa na bukatar tazara, takalmin birkin na saurin cinyewa. Tun 1 ga Janairu, 2009 aka tilasta wa masu babur sa hular kwano. Kan mai keke bai fi nasu tauri ba. Mai babbar riga ya naɗe ta ya sa a jaka, ya sa in ya isa, domin hannun riga in ya shiga tayar da inji ke juyawa, ba ta tsayawa don an daina taka feda.

Da damina yayyafi ba ya cutar da keken, amma kada a kutsa cikin ruwan da ya kai cibiyar taya, kada kuma a kai shi wurin wankin mota a feshe shi da ruwa mai ƙarfi. Tsumma mai laima ya isa.

Sai maganar lokaci. Kilomita 22 a kan gudun kilomita 25 a awa, tafiyar minti hamsin da 'yan kai ce, alhali babur zai yi ta cikin rabin wannan. Mai shiga aji ƙarfe takwas sai ya bar gida kafin bakwai. Wanda kuma ya saba ɗauko abokin aiki a baya suna raba kuɗin mai, ko kai mai ɗaki asibiti, ko ɗauko buhun riɗi daga gona, ya sani keken mutum ɗaya aka yi wa. Irin wannan magidanci kada ya sayar da baburinsa.

Wajen Saye

Makanikan babur sun cika Gumel, amma aikin keken lantarki ya fi kusa da na masu gyaran waya da masu haɗa sola, tun da yawancin cutarsa ta waya ce da batir. Hannun da zai iya yana nan a Arewa. A Maiduguri, Mustapha Gajibo ya yi suna wajen mai da ƙananan motocin haya masu amfani da lantarki. Duk da haka, kafin a miƙa kuɗi, a tambayi mai shago ko yana da batir da caja da akwatin sarrafa wuta na irin wannan keke a ajiye, da kuma farashinsu. In ya ce sai an yi oda, to, ranar da abu ya lalace ma sai an yi oda, ma'aikaci kuwa ba a ɗaga masa ranar Litinin. A fifita keken da tayarsa da sarƙarsa da birkinsa irin na kekunan da ke gari ne, wanda kuma batirinsa ke zaruwa da makulli, domin ɓarawo batirin yake nema. Keken gwanjo a kan same shi da sauƙin kuɗi, amma a ɗauka batirinsa ya ci rabin kwanansa, a yi ciniki a kan haka. A nemi shaidar ciniki da alkawarin canji a rubuce, sa'an nan a yi sharaɗi da mai shago cewa za a cika batirin a hau, a je har ƙofar wajen aiki a dawo, a ga abin da ya rage a ciki kafin a cika masa kuɗinsa.